Daga allon lise zuwa shingen lambu: Abin da lissafin "delta" zai yi wa mutumin Gazawa

Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya na lise a Jamhuriyar Nijar ya san wata alama mai kusurwa uku da malamin lissafi ke zanawa a allo, wadda ake kira delta. Ɗalibai kan haddace ta saboda jarrabawar BAC, da yawa kuma su manta da ita da zarar sun fito daga ɗakin jarrabawa. A ƙetaren iyaka, masu shirin WAEC da NECO a Najeriya suna fama da wannan ƙa'ida ɗin, har sun laƙaba mata "almighty formula" saboda babu lissafin mataki na biyu da ke gagarar ta.

Tambayar da ba a cika amsa wa ɗalibi ba ita ce: ina amfaninta? A yanki kamar Gazawa, amsar tana nan a ƙasa, cikin awon fili da gona.

Gazawa tana kan babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Agie da Tasawa, a jihar Maradi. A 2011 aka cire ta daga Agie ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Kamar Agie da Gidan Rumji, ƙasar noma ce ta gero da wake da gyaɗa da riɗi, jama'a na ƙaruwa, gonaki kuma na ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba gado. Inda ƙasa ta yi tsada haka, kuskuren mita biyar a awo kan iya raba zumunci.

Filin da aka saya daga nesa

A ɗauka wani ɗan ci-rani a Legas ko Agadas ya turo kuɗi a saya masa fili. Aka ce masa girman filin murabba'in mita 600 ne, tsawonsa kuma ya fi faɗinsa da mita 10. Yana son sanin faɗi da tsawo kafin ya yi maganar bulo da magini.

Sai a sa wa faɗin suna x. Tsawo ya zama x + 10. Faɗi sau tsawo shi ne girman fili, wato x(x + 10) = 600. In an buɗe baka aka kwaso komai gefe guda, sai a samu x² + 10x − 600 = 0.

Wannan shi ne lissafin mataki na biyu, mai siffar ax² + bx + c = 0. A nan a = 1, b = 10, c = −600. Ƙa'idar ta ce a fara neman delta: Δ = b² − 4ac. Goma sau goma 100. Huɗu sau 1 sau −600 ya ba da −2400, cire shi kuma daidai yake da ƙara 2400. Delta ta zama 2500, saiwarta 50, domin 50 sau 50 shi ne 2500.

Daga nan sai x = (−b ± √Δ) / 2a. Amsa ta farko: (−10 + 50) / 2 = 20. Ta biyu: (−10 − 50) / 2 = −30. Babu fili mai faɗin da ya gaza sifiri, don haka a ajiye ta biyun. Faɗi mita 20, tsawo mita 30. A gwada: 20 sau 30 ya ba da 600 cif.

Lokacin da delta ke cewa ba zai yiwu ba

Babban amfanin delta shi ne tana faɗin ko akwai amsa tun kafin a wahala. Mai noman rani yana da wayar shinge ta mita 100, yana son kewaye lambu mai kusurwa huɗu saboda awaki. Faɗi da tsawo in an haɗa su mita 50 ke nan, rabin wayar. In faɗi x ne, tsawo 50 − x.

Idan lambun murabba'in mita 600 yake so, lissafin ya zama x² − 50x + 600 = 0. Delta: 2500 − 2400 = 100, saiwarta 10. Amsoshi biyu, 20 da 30, wato lambu mai 20 da 30.

Idan ya ce 625 yake so, delta ta zama 2500 − 2500 = 0. Amsa ɗaya tak: 25 ta kowane gefe. Wannan ne mafi girman lambu mai kusurwa huɗu da wayar za ta iya kewayewa.

Idan kuwa ya nace sai 700, delta ta koma 2500 − 2800 = −300. Ta faɗi ƙasa da sifiri, kuma babu lambar awo da za a ninka da kanta ta ba da −300. Ma'ana, ko ya kwana yana jan wayar ba za ta kai ba, sai dai ya ƙaro wata. Hukunce-hukunce ukun da ake haddacewa a aji ke nan: delta sama da sifiri amsa biyu, daidai da sifiri amsa ɗaya, ƙasa da sifiri babu amsa.

Inda maki ke zubewa

Kurakuran da ke kayar da ɗalibai sanannu ne. Na farko, fara ciro a da b da c kafin a mayar da gefe ɗaya sifiri. Na biyu, alamar ragi: in b ita ce −50, to −b ta zama 50, b² kuma 2500 ne ba tare da ragi ba. Na uku, raba saiwar kaɗai da 2a a bar −b a gefe, alhali duka saman ake rabawa. Maganin ukun ɗaya ne: a mayar da amsar cikin lissafin farko a ga ko ta zauna. Manhajojin waya irin su Photomath suna warware wannan cikin daƙiƙa, amma ba a shiga jarrabawa da waya, kuma mutum ne zai fara juya maganar fili ta zama x.

Ilimin da ya riga boko

Masu ganin wannan lissafin kayan Turawa ne sun makara da tarihi. An samu allunan yumɓu na Babila, a Iraƙin yau, masu kusan shekara 3,800, ɗauke da matsalolin tsawo da faɗi irin waɗannan. A Indiya, Brahmagupta ya bayyana hanyar warwarewa a 628. Wajen shekarar 820, Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza, wanda daga kalmar al-jabr da ke cikin sunansa aka samo "aljabara". Ya tanade shi ne don bukatun mutane: rabon gado, wasiyya, ciniki da awon ƙasa.

Babu x ko delta a littafin, da zance ya yi bayani. Shahararren misalinsa, a rubutun yau, shi ne x² + 10x = 39. Ya ce a ɗauki rabin goma, a ninka shi da kansa a samu 25, a ƙara a kan 39 ya zama 64, a ɗauki saiwarsa 8, a cire biyar ɗin nan, saura 3. Ƙa'idar da ke kan allo a yau wannan hanyar ce aka taƙaita da haruffa, salon da ya kankama a Turai bayan littafin René Descartes na 1637.

Ƙasar Hausa ma tana da nata. Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, aikin da masu tarihin lissafi ke ambato har yanzu.

Da wane harshe?

A 2025 sabon kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Sai dai ɗalibin lise a Gazawa da Faransanci yake karanta tambayar lissafi, da shi yake amsawa. Wanda bai gane jimlar ba ya faɗi tun kafin ya kai ga delta, ko da kuwa a kasuwa yana lissafin buhunan gyaɗa da ka ba tare da biro ba.

Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida a firamare tun shekarun 1970. Kai wannan ga aljabarar lise na bukatar littattafai, da malaman da aka horar, da kalmomin da Maradi da Katsina za su amince da su tare. Kafin nan, yayan da ke waje zai iya turo wa ƙaninsa tambayar wayar mita 100 ta WhatsApp, da Hausa, ya ga ko zai gano dalilin da 700 ba za ta samu ba.