Suna, Lamba da Hatimi: Yadda Ake Ajiye Manhaja a Mangazar Intanet

Daga kwarin Tarka zuwa na Magiya, a Madawa da Buza da Kaita, babu manomin da bai san darajar suna ba. Albasar da ake lodawa cikin manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa, sunan Galmi ne yake sayar da ita. Shi ya sa lokacin da wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi a rubuta masa wannan suna a rajistar hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde, Nijar ta ƙi amincewa, har kamfanin ya sake wa irin nasa suna. Duk da haka, dillalin kirki ba ya tsayawa ga suna kaɗai. Sai ya duba shaidar da ke jikin buhu, sa'an nan ya kwance baki ya ga abin da ke ciki.

Wannan ƙa'ida ta kasuwa ta biyo ma'aikata har cikin ofisoshinsu. Tun daga shekarar 2017 ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar take tattara alƙalumanta cikin wata manhajar kwamfuta mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar gininta, kuma ƙasashe fiye da 70 suke aiki da ita. Rahoton wata-wata na gidajen likita na gundumomin Madawa da Buza da Kaita, watau adadin masu masassarar cizon sauro, da yaran da aka yi wa rigakafi, da matan da suka haihu, duk cikinta yake zubawa. Da waɗannan alƙaluma ne hukumomi suke shirya rabon magani. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu manhajar suke rarraba ta ita ce hanyar ƙunshi.

MENE NE ƘUNSHI?

A da, girka babbar manhaja kan kwamfuta aiki ne mai wuya, domin kowace tana buƙatar wasu ƙananan kayan aiki, kuma in ɗaya ya saɓa sai ta ƙi tashi. A shekarar 2013 wani matashi da ya tashi a Faransa, Solomon Hykes, ya fito da dabarar Docker. Dabarar ita ce a haɗa manhaja da dukan kayanta a ɗaure su wuri guda, yadda za ta yi aiki iri ɗaya a Oslo da Yamai da Tawa. Wannan ɗauri shi ne ƙunshi. A shekarar 2015 manyan kamfanoni suka kafa ƙungiyar OCI domin a daidaita ƙa'idar ɗaurin, kowa ya iya buɗe na kowa.

Ana ajiye ƙunshi cikin wata mangaza ta intanet, kuma wadda aka fi sani ita ce Docker Hub. A cikin mangaza kowane mai kaya yana da ɗakinsa. Mai gini ya tura kayansa can, mai buƙata ya jawo su daga can. Da yake ƙunshi hawa-hawa ake ɗaure shi, wanda ya taɓa jawo tsohon fitowa ba ya sake ɗauko hawan da yake da shi, sai wanda ya sake kawai. Wannan sauƙi ne babba ga wuraren da layin intanet ba shi da ƙarfi.

SUNA DA LAMBA

A ɗauki misalin dhis2/core:2.39.0. Kalmar farko sunan mai kaya ce, ta biyu sunan ɗaki, alƙaluman da suka biyo bayan ɗigo biyu kuwa su ne lamba, wadda take nuna fitowar da ake nufi. In ma'aikaci bai rubuta lamba ba, kwamfuta da kanta sai ta ɗauko ƙunshin da ke ɗauke da kalmar latest, kalmar Ingilishi mai nufin na baya-bayan nan.

A nan tarkon yake. Lamba kamar takarda ce da aka maƙala a wuyan buhu: mai kaya yana iya cire ta ya maƙala wa wani buhu. Ma'aikata biyu suna iya jawo latest, ɗaya da rani ɗaya da damina, kowa ya sami kaya dabam alhali sunan bai sake ba. Ga manhajar alƙaluman lafiya wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin in sabon fitowa ya hau kan kundin alƙaluma yana sake masa tsari, kuma ba a komawa baya sai in an yi ajiyar kundin tun da farko.

HATIMIN DA BA YA ƘARYA

Saboda haka aka tanadi shaida ta uku, watau hatimi. Kwamfuta tana auna abin da ke cikin ƙunshi da wani lissafi mai suna SHA-256, ta fitar da jeri na haruffa da alƙaluma guda 64. In aka taɓa ko harafi ɗaya cikin ƙunshin, jerin gaba ɗaya sai ya sake. Lamba tana iya ƙaura, amma hatimi da kayan ciki ɗanjuma ne da ɗanjummai. Wanda ya nemi ƙunshi da hatiminsa ya kwance bakin buhu ke nan.

Wannan taka-tsantsan yana da dalili. A shekarar 2018 an kwashe ƙunshi 17 daga Docker Hub bayan an gano wasu ɓata-gari sun ɓoye manhajar ɓarna a cikinsu, kuma kafin a kwashe su an riga an jawo su sau miliyoyi. A shekarar 2020 kuma kamfanin ya ƙayyade yawan jawowar da masu shiga kyauta za su iya yi cikin awa shida. Wannan ya tuna wa hukumomi da dama cewa mai kwana a ɗakin aro ba ya cika miƙe ƙafa. Shi ya sa wasu suke kafa tasu mangaza da manhaja irin su Harbor, su ajiye kwafin duk ƙunshin da suka tantance.

NAUYIN DA KE KAN MA'AIKATA

Ba dole ne shugaban ma'aikata ya iya sarrafa kwamfuta ba kafin ya tsare amanar da ke hannunsa. Tambayoyi huɗu sun ishe shi ya yi wa duk ƙwararren da ya zo girka manhaja. Daga wace mangaza aka jawo ta, kuma ɗakin na masu manhajar ne na ainihi? Wace lamba ce a jikinta? Mene ne hatiminta? An yi ajiyar kundi kafin a taɓa shi? A rubuta amsoshin cikin littafin ofis tare da kwanan wata da sa hannu, kamar yadda mai tsaron mangaza yake rubuta kowane kwalin magani da ya shigo. Ranar da ma'aikaci ya bar gurbinsa, wanda ya gaje shi zai san abin da ya tarar, kuma alƙaluman da malaman jinya suka sha wahalar tarawa ƙauye-ƙauye ba za su salwanta ba.