RANAR DA 'YARMU ZA TA FARA SHIGA ƊAKIN MARASA LAFIYA

A gidajenmu da yawa akwai 'ya ko ɗa da ke makarantar koyon aikin jinya. An sayar da hatsi, an sayar da akuya, an biya kuɗin makaranta, an ɗinka farin yunifom. Sa'an nan wata rana yarinyar ta aiko gida cewa mako mai zuwa za a fara tura su ɗakin marasa lafiya, tsoro kuwa ya hana ta barci. Waɗansu iyaye sukan yi dariya. Waɗansu sukan damu, su ce, "Anya aikin nan ya dace da ita?" Bari mu duba abin da ke jiranta a can, da abin da tsoron nan yake nufi. Za mu riƙa cewa "ita" gama mata sun fi yawa a aikin, amma maganar ta shafi samari ma.

DAGA AJI ZUWA BAKIN GADO

A tsarin da aka daɗe ana bi a Nijeriya, karatun nas shekara 3 ne, na jami'a kuwa shekara 5. A na shekara 3, watanni 6 na farko na share fage ne. Ɗaliba tana koyon sassan jiki, tana gyara gadon da ba kowa a kai, tana yi wa mutum-mutumin roba wanka. Sai ta ci jarrabawa ake tura ta asibiti, ta yi aiki a ƙarƙashin idon sista.

Wannan tsohuwar hanya ce. A makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860, a bakin gado ɗalibai suke koyon yawancin aikinsu. Haka aka horar da iyayenmu da yayyenmu a asibitocin mishan na Vom da Wusasa. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, takan gwada ɗalibi a takarda, ta kuma gwada shi a aikin hannu, kafin ta ba shi lasin.

Dalilin a fili yake. Mutum-mutumi ba ya nishi, ba ya amai, ba ya kama hannunka ya ce, "Zan tashi kuwa?" Dole wata rana a bar roba a fuskanci mutum.

AIKIN MAKON FARKO

Ba wanda zai miƙa wa sabuwar ɗaliba aikin likita. Za ta gyara gadaje. Za ta yi wa wanda ba ya iya tashi wanka, ta kai masa fo, ta ba shi abinci a baki. Za ta riƙa juya shi wajen kowace awa 2, domin kwanciya a gefe ɗaya takan buɗe miki a ƙugu da diddige.

Za a kuma ba ta aikin awo. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. Bugun zuciyar babba 60 zuwa 100 ne a minti ɗaya, numfashinsa 12 zuwa 20. Awon jini kuwa wajen 120 bisa 80. Ɗalibai sukan ɗauki wannan ƙaramin aiki, amma da shi ake ceton rai. Idan mace ta haihu, ko an fito da mutum daga tiyata, sai bugun zuciya ya yi ta hawa, awon jini yana sauka, mai yiwuwa jini ne yake zuba. Sista tana da gadaje da yawa, likita yana wani wuri. Sau da yawa ɗalibar da ke riƙe da wuyan hannun majinyaci ita ce za ta fara gani.

TSORON JINI DA KUNYAR MANYA

Tsoro na farko na jini ne da wari. Ɗalibai da yawa sun taɓa jin jiri ran da suka fara ganin an buɗe babban miki, waɗansu har sun suma. Wannan ba ya nuna cewa mutum ba zai iya aikin ba. Ta karya kumallo kafin ta fita. In ta ji idonta yana duhu, ta faɗa wa sista, ta nemi wuri ta zauna. Yau da gobe jiki yakan saba.

Na biyu ya fi nauyi a wurinmu. Mun goyi 'ya'yanmu da kunya. Yarinyar da ba ta haɗa ido da baffanta, yau an ce ta yi wa dattijo sa'an kakanta wanka. Shi ma dattijon kunya yake ji, har ta fi tata. A nan tarbiyyar gida take amfani. Ta gaishe shi, "Baba, yaya jiki?" Ta faɗi abin da za ta yi, ta nemi izini. Ta ja labule, ta rufe duk inda ba ta wankewa. In ya fi son namiji ya yi masa, ta gaya wa sista. Mai ciwo yakan manta sunan maganin da aka ba shi, amma ba ya manta wanda ya rufa masa asiri.

TSORON KAMUWA DA CUTA

Wannan tsoro yana da tushe, ba za mu ɓoye ba. A 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba a asibitin mishan na garin Lassa, cikin jihar Borno ta yau. Aka kawo ta asibitin mishan a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw, nas ɗin da ta yi jinyarta da ɗan rauni a yatsa, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, an kai ta Amurka, ta warke. Daga sunan garin nan zazzaɓin Lassa ya sami sunansa.

Su ba su san abin da suke fama da shi ba. Ɗalibar yau an koya mata. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa majinyaci da bayan ta taɓa shi, daƙiƙa 40 zuwa 60. Ta sa safar hannu duk inda akwai jini ko wani ruwan jiki, ta rufe kowane rauni na hannunta. Kada ta mayar da murfin allurar da aka yi amfani da ita, ta jefa ta cikin akwatin da aka tanada. In allura ta soke ta, ta faɗa nan take, gama maganin da ke tare ƙwayar HIV tilas a fara shi cikin awa 72, gara ma tun a ranar. Iyaye kuma su tabbatar ta karɓi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 ce.

TSORON DA YA FI HAƊARI

Duk waɗannan sukan ragu da kwanaki. Akwai ɗaya da yake ɓoyewa, shi ne tsoron a ce ba ta iya ba. Ɗaliba ta sa abin saurare a kunne, ba ta ji komai ba. Sista tana sauri, 'yan'uwan mara lafiya sun zuba mata ido. Sai zuciya ta raya mata ta rubuta 120 bisa 80 ta wuce. Wannan lamba ta ƙarya likita zai karanta, da ita zai yanke shawara a kan ran mutum.

Saboda haka muna cewa da kowace ɗaliba: kalmomin da suka fi daraja a shekararki ta farko su ne, "Sista, ban ji ba, a sake nuna mini." Mai yiwuwa a yi miki faɗa a gaban mutane. Faɗan zai wuce kafin la'asar. Kada ki rubuta abin da ba ki auna ba. Kada ki ba da magani ke kaɗai ba tare da nas mai lasin ba, kuma kowane lokaci ki duba sunan majinyaci, da sunan magani, da yawansa, da hanyar bayarwa, da lokacinsa. In kin yi kuskure, ki faɗa tun ana iya gyarawa. Matambayi ba ya ɓata.

Sistocin da suka daɗe a aiki ba sa damuwa da ɗalibar da hannunta yake rawa. Wadda ba ta taɓa tambaya ba, ita suke sa wa ido.

RABON IYAYE

Mu na gida ma muna da namu aiki. Kada mu mai da ɗalibar wata 7 likitan unguwa, ana kawo mata yara ta yi musu allura a zaure. Ba ta da izini, in ta ƙi kuwa ba girman kai ba ne. Kada mu tambaye ta ciwon da ya kwantar da wane ko wance, gama sirrin majinyaci amana ce. In ta dawo daga aikin dare, a bar ta ta yi barci, daka da wanki su jira. Ran da ta fara ganin mutuwa za ta dawo shiru. A zauna kusa da ita, a saurare ta, a yi addu'a tare da ita, kada a ce mata "ai kin zaɓa."

In kuwa ta aiko cewa tana jin tsoro, kada mu ce ta daina. Mu ce mata ta riƙe shi daidai gwargwado, ya tuna mata ta wanke hannu, ta sake duba kwalba, ta kira sista. Wata rana mu ne za mu kwanta a gadon nan, irin wannan nas ɗin kuwa za mu so ta tsaya a kanmu.