Lauyan da Ya Zaunar da Marayun Ɓangarori Biyu a Aji Ɗaya

A shekarar 2007, wani lauya a Maiduguri mai suna Zannah Mustapha ya buɗe makaranta da marayu 36, ya raɗa mata suna Future Prowess. Ba a biyan ko sisi. Kayan makaranta, abinci da magani duk kyauta ne.

Bayan shekara biyu, a watan Yulin 2009, rikicin Boko Haram ya ɓarke, aka kashe shugabansu Muhammad Yusuf. Gari ya cika da zawarawa da marayu. Akwai waɗanda kowa ke tausaya wa, akwai kuma waɗanda ake gudu kamar masu ciwon kuturta, wato 'ya'yan 'yan ƙungiyar da aka kashe. Maƙwabta ma ba sa son a ga yaransu suna wasa da su. Zannah ya buɗe musu ƙofa.

Sai ga ɗan sojan da aka kashe da ɗan wanda ya ɗauki bindiga a daji suna zaune a benci ɗaya, riga iri ɗaya, suna jiran abinci daga tukunya ɗaya. A lokacin nan wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin ko jami'an tsaro ko 'yan ƙungiyar na iya ɗaukarsa a matsayin ɗan leƙen asirin ɗaya ɓangaren. Iyayen yaran ma bai bar su haka ba, ya taimaka wa zawarawan suka kafa ƙungiyar sana'a.

Amanar nan ce ta yi rana daga baya. Da 'yan Boko Haram suka sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun 2014, gwamnati ta rasa wanda mutanen dajin za su saurara. Amma su mutanen dajin sun san wanda ya riƙe musu 'ya'ya lokacin da duniya ta juya musu baya. Da shi, tare da ƙungiyar Red Cross da gwamnatin Suwizalan, aka sasanta: aka sako 'yan mata 21 a watan Oktoban 2016, sannan 82 a watan Mayun 2017.

A shekarar 2017 ɗin ce Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a birnin Janiba. Lokacin ɗaliban makarantar sun kai 540, fiye da rabinsu mata, ga kuma wasu dubbai da aka rubuta sunayensu suna jiran gurbi.