Baraguzan Gini da Kwaɓin Siminti a Dayi

A garin Dayi na ƙaramar hukumar Malumfashi, inda hanyar Kano ta Gwarzo ta haɗu da ta Funtuwa zuwa Yashe, ginin bulo yana ta maye gurbin ginin ƙasa, kuma wannan sauyi ya zo da wata shara wadda magina na dā ba su san ta ba, wato baraguzai. Idan katangar ƙasa ta faɗi da damina, akan farfasa ta, a jiƙa, a tattaka da ciyawa, a sake murza tubali da ita. Hatta laso, wanda ake shafe soro da shi don kada ruwa ya ratsa, daga katsin marina da gashin majema da dafara ake haɗa shi, biyu daga cikinsu ragowar wasu sana'o'i ne. Fasasshen bulo kuwa, yawanci iyakarsa cikon rami ko kwazazzabo.

Asarar da ke cikin haka ba ƙarama ba ce, domin siminti ana gasa shi ne daga farar ƙasa da zafin da ya kai digiri 1,450, aikin da ke fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, sannan sai an yi dakonsa daga masana'antu masu nisa irin na Kalambaina a Sakkwato ko Obajana a Kogi. Yashi ma sai an biya tifa, kuma yawan ɗibarsa yana zaftare bakin rafuka har ya ci gonaki.

Abin da masana gini suka tabbatar shi ne, baraguzan da aka tsince musu itace da leda da ƙusa, aka daka, aka tace da rariya, suna iya maye wani kaso na yashi a kwaɓin jera bulo da na filasta. Sai dai wannan gari ya fi yashin rafi shan ruwa, saboda tsohon simintin da ke manne da shi cike yake da ƙananan ƙofofi, don haka birkilan da bai yayyafa masa ruwa kafin kwaɓi ba zai ga kwaɓin yana bushe masa a cokali, shafen kuma ya tsattsage bayan 'yan kwanaki. Garin jan bulo, wanda aka gasa da wuta, ya fi daraja, domin idan ya yi laushi sosai yakan haɗu da sinadarin da siminti ke saki ya ƙara masa ƙarfi sannu a hankali, dabarar da Rumawa suka yi aiki da ita a kwatamai da tankunan ruwa.

Kuskure ne a ɗauka cewa fasasshen bulon siminti zai rage buhun siminti, tun da yawancin bulon da ake bugawa a kasuwa simintinsa kaɗan ne tun asali. Yashi kawai yake ragewa, kuma wurinsa katangar gida da daɓe da rumbu. Ginshiƙi da dakin, masu ɗaukar nauyin bene, suna buƙatar tsakuwa da yashi masu tsabta da lissafin injiniya.