KUƊIN ISKA: ABIN DA MANOMAN HUMBO SUKA GANI

'Yan'uwa manoma, tun daga kakar bara, kusan ko wane taron ƙungiya da muka je sai wani ya ɗaga hannu ya yi mana tambaya guda. Wai an ji akwai waɗansu kamfanonin ƙasashen waje da ke biyan mutum kuɗi domin ya bar itatuwa a tsaye a gonarsa. Wani dattijo ma ya ce mana, "Malam, ni dai na sayar da dawa, na sayar da akuya, amma ban taɓa jin an sayar da iska ba." Jama'a suka fashe da dariya. Maganar kuwa ba ta dariya ba ce, gama alkawarin da ke cikin takardar irin wannan ciniki ya kan kai shekara 30. Wanda ya dangwala hannu yau, 'ya'yansa ne za su ƙarasa cika alkawarin.

Domin wannan muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wani wuri inda ƙungiyoyin gama kai irin namu suka yi wannan ciniki, ku ji yadda ta kaya. Amma bari mu fara da hajar kanta.

Mene ne a ke sayarwa?

Duk sa'ad da aka ƙone fetur, ko kwal, ko itace, wata iska ta kan fita wadda a ke kira iskar kabon. Yawanta a sararin sama shi ne ke ƙara wa duniya zafi, yana kuma rikita lokacin damina. Itace mai rai kuwa yana shan wannan iska ta ganyensa, ya mai da ita jikinsa. In ka busar da gungume ka auna, wajen rabin nauyinsa kabon ne.

To, kamfanin da injunansa ke fid da wannan iska ya kan biya waɗanda itatuwansu ke shanye ta. Ma'aunin cinikin shi ne tan ɗaya na iskar, watau nauyin buhu goma na masu kilo ɗari. Kasuwar iri biyu ce. Akwai ta dokar gwamnatoci, akwai kuma ta ganin dama, inda kamfani ke saye don ra'ayin kansa ba wanda ya tilasta masa. Tun da ya ke manomi ba shi da hanyar kai wa ga masu sayen nan, ƙungiyoyin taimako waɗanda ba riba su ke nema ba su kan tsaya a tsakani su shugabanci aikin.

Daga Maraɗi zuwa Habasha

Dabarar da aka yi aiki da ita a labarin nan daga ƙasar Hausa ta fito. Cikin shekara ta 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aiki da mishan na SIM a Maraɗi. Ya yi ta dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. Wata rana ya tsaya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a bakin hanya. Da ya duba ganyen, ashe tohon babban itace ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka soma abin da manoman Nijar ke kira sassaben zamani: a wajen sharar gona, maimakon a sare tohon kalgo da sabara da magarya duka, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a datse sauran da wuƙa mai kaifi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a kadada miliyan 5 a Nijar. Ku lura fa, ba don kuɗin kabon manoman nan suka yi ba. Makamashi da abincin dabbobi da kariya daga iska su ne ladansu.

Daga baya Rinaudo ya koma aiki da ƙungiyar World Vision, ita ce kuwa ta kai dabarar gundumar Humbo, a ƙasar Wolaita da ke kudancin Habasha. Duwatsun Humbo dā kurmi ne, amma kafin shekara ta 1970 an sare kusan duka. Ruwan sama ya riƙa gangarowa yana kwashe ƙasa yana binne gonakin da ke gindin dutse. Tun yunwar 1984 mutanen wurin sun sha dogara ga abincin agaji.

Cikin 2006 aka soma aiki a kan kadada 2,728, watau eka wajen 6,700. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na filin daga tsofaffin kututture ya farfaɗo, sauran ne aka yi wa dashe.

Aikin masu shugabancin shirin

Datse toho ba shi da wuya, yaro ma ya iya. Wahalar tana wajen abubuwa uku.

Na fari, takardar iko. A Habasha ƙasa ta gwamnati ce, dutsen kuma kowa na sara, ba mai kula. Mutane da yawa sun yi zaton dabara ce a ke yi a ƙwace filin a ba baƙi. Sai da aka yi ta zama da dattawa da hukuma, aka kafa ƙungiyoyin gama kai guda bakwai, hukuma ta ba ko wace takardar ikon amfani da nata yankin. Ƙungiyoyin da kansu suka tsara dokokin kiwo da sara da tsaro. Mutum ba ya renon itacen da ya san gobe wani zai zo ya ce ba nasa ba ne.

Na biyu, awo. Mai saye yana can wata ƙasa, ba ya kuwa yarda da cinikin biri a sama. Tilas a shata iyakar filin, a keɓe ƙananan wurare na gwaji, a auna kaurin ko wane itace a daidai ƙirjin mutum, a rubuta. Bayan haka waɗansu masu bincike dabam, waɗanda ba na ƙungiyar ba, su zo su duba ko lissafin gaskiya ne. Wannan duka yana cin kuɗi da lokaci. Sai a watan Disamba na 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa shirin rajista, aka ƙiyasta zai shanye tan 880,000 cikin shekara 30.

Na uku, waɗanda shirin ya taɓa wa abinci. Masu yin gawayi da masu kiwo a kan dutsen an rufe musu hanya. Da kurmi ya dawo kuma, namun daji suka dawo tare da shi, gwaggon biri da gyado suka shiga yi wa gonakin kusa ɓarna. Shugaban da bai zauna da waɗannan mutane ya nema musu mafita ba, wata rana da dare zai ga wuta a dajin.

Nawa aka samu?

Wani asusu na Bankin Duniya ya yi alkawarin sayen tan 165,000, a kan dala 726,000, cikin shekara goma. Kuɗin farko, wajen dala 34,000, sai a 2010 ya iso, shekara huɗu bayan an soma aiki. Jimlar tana da daɗin ji, amma mu yi lissafi irin na makaranta. In aka raba ta shekara goma, aka sāke rabawa bisa kadada 2,728, ko wace kadada ta sami wajen dala 27 a shekara. Da an rarraba wa dubban gidajen da ke cikin ƙungiyoyin, da kowa ya cinye nasa a kasuwa ɗaya.

Mutanen Humbo ba su rarraba ba. Suka gina ɗakunan ajiyar hatsi, suka sayi injunan niƙa, suka buɗe asusun ba da rance ga 'yan ƙungiya. A 2013, mutanen da a ke kawo wa tsaba dā, su ne suka sayar wa Hukumar Abinci ta Duniya hatsi fiye da tan 100.

Tun kafin kuɗin ya zo kuwa, dutsen ya riga ya fara biyansu. Ciyawa ta tashi suna yankowa dabbobi, rassan da aka datse sun zama makamashi, zaizayar ƙasa ta ragu. A Sodo, maƙwabciyar Humbo, World Vision ta yi irin wannan aiki a kan kadada wajen 500 a dutsen Damota, ta sayar a kasuwar ganin dama. Can har maɓuɓɓugan da suka ƙafe sun sāke kawo ruwa.

Saboda haka mu a ganinmu kuɗin kabon kamar gyara ne da mai awo ke ƙara maka bayan ya cika mudu. Gyara tana da daɗi, amma ba wanda ke zuwa kasuwa dominta.

Kasuwar tana hawa tana sauka

Wajibi ne mu gaya muku wannan kuma. A watan Janairu na 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka buga bincike cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kabon na tsare kurmi da hukumar Verra ta amince da su ba su rage iskar da aka ce sun rage ba. Verra ta musa, amma masu saye da yawa suka ja da baya, farashi ya faɗi. Ƙungiyar da ta ci bashi bisa begen kuɗin iska, a irin wannan shekara za ta sha wuya.

Kafin ku sa hannu

In wani ya zo wa ƙungiyarku da takarda, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku tambaye shi waɗannan:

Filin da itatuwan na wane ne bayan an sa hannu? Mai unguwa da hakimi da malamin daji sun sani?

Alkawarin na shekara nawa ne? Za mu iya yankan ciyawa, mu datse rassa, mu ɗebi 'ya'yan itace?

Kashi nawa na kuɗin zai iso hannun manoma? Akwai ma'auni, gama tsarin Plan Vivo ya ce a ƙalla kashi 60 cikin ɗari ya zama na jama'ar wurin.

Wa zai biya masu awo da masu bincike? Yaushe kuɗin farko zai zo?

In gobara ko fari ya kashe itatuwan, wa zai ɗauki hasarar?

A karanta takardar da Hausa a gaban taro duka, har da mata, tun da ya ke su ne ke neman makamashi. Kada sakatare ko shugaba ya sa hannu shi kaɗai. Mutumin kirki ba zai ji haushin tambaya ba, wanda ya ce ku yi sauri kuwa, ku bar shi ya wuce.

Ko mai takarda ya zo ko bai zo ba, lokacin sharar gona yana tafe. Muna roƙon ko wane ɗan ƙungiya ya zaga gonarsa ya ƙirga kututturen da ke toho, ya bar ko da ashirin a eka ɗaya, ya ɗaura musu tsumma domin 'yan ƙwadago su gane. Ku kawo lissafin a taro na gaba, mu kuma za mu zo da wuƙa mu nuna yadda a ke datsewa. Allah ya ba mu damina mai albarka.