Zoben Tumbi: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A ƙasar Hausa an saba ɗaukar ƙiba alamar wadata ce. Amma likitoci sun tabbatar cewa in ta yi yawa ta kan jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Masu hali daga Nijeriya su kan tafi Masar ko Indiya neman magani, a can kuwa a na yin aikin rage ƙiba iri iri. Ɗaya daga ciki shi ne sa zoben tumbi. An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu na ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su san abin yi in an sami mai zoben a gundumarsu.

Yadda zoben ya ke

Zoben na roba ne mai taushi. Likita ya kan huda ciki wuri kaɗan, ya ɗaura shi a wuyan tumbi, ya bar ɗan aljihu a sama wanda bai fi cin babban cokali biyu ba. Saboda haka loma kaɗan ta ke ƙosar da mutum. Akwai siririn tiyo da ya taso daga zoben zuwa wani ɗan ƙoƙo da a ke binnewa ƙarƙashin fatar ciki. Ta nan likita ya ke ɗura ruwan gishiri da allura ta musamman don zoben ya matse, ko ya zuƙe ruwan don ya saki.

A ƙasar Beljiyam aka fara sa shi ta hanyar huda ciki, Amurka kuma ta yarda da shi cikin 2001. A 2008 wajen kashi 40 cikin 100 na aikin rage ƙiba a duniya na zoben ne, amma zuwa 2016 ya koma wajen kashi 3. Dalili kuwa, likitocin Beljiyam sun bi sawun waɗanda aka sa wa har shekara 12, suka ba da labari cikin 2011 cewa kusan rabinsu sai da aka cire musu shi.

Abin da masu shi ke gamuwa da shi

Waɗansu sun rame yadda su ke so, ciwon sukarinsu ya yi sauƙi. Amma cin abinci ya kan sake musu sarai. Lomar tuwo da aka haɗiye ba tauna, ko tsire, ko kilishi, su kan tsaya a bakin zoben, mutum ya ji ƙirjinsa ya toshe har ya amayar. Fura da kunu mai sukari kuwa wucewa su ke yi salin alin, wanda ya koma kansu ƙibarsa ba ta raguwa. Mai azumi ya buɗa baki da ruwa, ya dakata, sa'an nan ya ci a hankali.

Manyan lahani uku ne. Zoben ya kan zame, tumbi ya shaƙe, in an yi jinkiri wurin ya ruɓe. Ya kan ci naman tumbi sannu sannu har ya faɗa ciki. Ƙoƙon nan kuma ya kan yi ƙwari ko ya juye, ko tiyon ya tsinke.

Abin da a ke so Hakimai su yi

1. Wanda ya yi shawarar zuwa, a tambaye shi wa zai riƙa duba shi in ya komo. Gama ba a gama aikin zoben ran da aka sa shi, gyara ya ke so muddin rai. Icen da ke nesa ba ya maganin zafin rana.

2. Wanda ya komo da shi, malami ya kwafe takardar likitansa, watau sunan zoben da ranar sawa da yawan ruwan da ke ciki. A bar ɗaya a gida, ɗaya a aljihunsa.

3. A gargaɗi wanzamai. Ƙullutun da a ke ji ƙarƙashin fata ƙoƙon ne, ba maruru ba ne. Kada a yi masa sakiya ko tsaga ko ƙaho.

4. In mai zoben ya kasa haɗiye ko da ruwa, ko ya wuni ya na amai, ko ya yi aman jini, ko ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi, ko bakin ƙoƙon ya yi ja ya na ruwa, lalle a kai shi asibiti ran nan. Hanyar Shinkafi da ta Zurmi duk ta Ƙaura su ke bi zuwa Gusau, inda Asibitin Tarayya ya ke, daga nan a na iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tashi tun da sauran rana. Sau da yawa zuƙe ruwan kaɗai ya kan kawo sauƙi kafin a yi hoto.

5. Mace mai zoben in ta sami ciki ta gaya wa ungozomar asibiti tun awon fari, don a kan bukaci a sassauta shi.

Mutane da yawa su kan ɓoye aikin nan don kunya, har iyalinsu su zaci sammu ne in ciwo ya tashi. Hakimi ya riƙe asirin talakansa, amma ya ga lalle akwai mutum ɗaya a gidan wanda ya sani, ya kuma san inda takardar ta ke.