Ciwon Damuwa a Jikin Wanda Bai Kwanta Ba

Da yawa daga cikin masu ciwon damuwa ba su taɓa fashin aiki ba. Malamin makaranta ne mai shiga aji a kan lokaci, ko ɗan kasuwa mai buɗe shago da sassafe, ko uwar gida da ke girki, ta shirya yara, ta tarbi baƙi da fara'a. Idan dare ya yi kuma barci ya gagara, abinci ya daina daɗi, abin da a da yake faranta rai ya zama kaya a kai. Likitoci suna kiran wannan hali ciwon damuwa idan ƙuncin rai ko rashin sha'awar komai ya mamaye yawancin yini, kusan kullum, na tsawon mako biyu ko fiye, tare da alamu irin su gajiya, sauyin barci, rashin iya tattara hankali da ganin kai ba a bakin komai ba. Akwai kuma wani nau'i mai sauƙi-sauƙi da ke jan shekara biyu ko fiye, har mai shi ya ɗauka halittarsa ce haka. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon, kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki fiye da kashi 75 cikin ɗari ba sa samun magani.

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, maganar ta ƙara fitowa fili. Doka ta sauya, amma fahimtar jama'a tana nan inda take. A ƙasar Hausa, da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kware ko na Barnawa, abin da ke zuwa a rai shi ne wanda ya yage tufafinsa yana bin bola. Shi ya sa idan mai aiki da iyali ya ce yana son ganin likitan ƙwaƙwalwa, amsar da yake samu ba ta wuce "Kai da kake lafiya ƙalau?" ko "Me ka rasa?"

Wannan tambaya ita ce tushen kuskuren, domin ta mayar da iya fita aiki ma'aunin lafiya. Ba a yi wa hawan jini haka. Mai hawan jini yana noma, yana tuƙi, yana zuwa ɗaurin aure, amma ba wanda zai ce masa ya jira sai ɓarin jikinsa ya shanye sannan ya je a auna shi. Gara tana cin azara daga ciki alhali rufin yana tsaye, mai wucewa ba ya ganin komai. Mai gidan ƙasa yana yin yaɓe tun da bazara, ba ya bari sai ruwan Agusta ya kawo katanga ƙasa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma a nan fuskar ta ƙware wajen ɓoyewa, musamman inda ake yabon mutum da kawaici da cinye baƙin ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ba a lissafawa shi ne farashin wannan tsayuwa: aikin awa ɗaya ya koma na awa uku, haƙurin da aka ƙarar a ofis ya dawo gida ya zama tsawa ga mata da yara, wasu kuma su koma ga ƙwayar barci ko tiramadol daga kemis.

Akwai masu cewa damuwa raunin imani ne ko ƙarancin tawakkali. Malaman Musulunci na farko ba su ɗauke ta haka kawai ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya bambance a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauka ba tare da sanadi ba, ya kuma danganta na biyun da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Addu'a da neman magani ba su taɓa zama kishiyoyi a zazzaɓi ba, babu dalilin da zai sa su zama kishiyoyi a nan.

Ita jinyar, sau da yawa tattaunawa ce. Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka cikin shekarun 1960. Ana zama da ƙwararre kamar awa ɗaya a mako, na 'yan watanni, ana bin tunanin da ke zuwa wa mutum kai tsaye, irin su "ban iya komai ba" ko "kowa ya gaji da ni", ana auna su da abin da ya faru a zahiri, ana kuma dawo da shi sannu a hankali ga ayyukan da ya janye daga gare su. Wannan ya bambanta da hira da aboki, domin akwai tsari, akwai aikin da ake komawa gida da shi, kuma sirri ne. Idan ciwon ya yi ƙarfi ana haɗawa da ƙwayoyi, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, kuma ba a barin su sai da shawarar likita.

Amfanin zuwa da wuri a bayyane yake. A matakin farko tattaunawa kaɗai takan wadatar, ba tare da kwanciya a asibiti ba. Mutum yana da sauran ƙarfin bin shawara, aikinsa da aurensa suna nan. Kuma ciwo ne mai dawowa: aƙalla rabin waɗanda ya kama sau ɗaya yakan sake kama su, don haka wanda ya koyi gane alamunsa tun farko ya fi iya tare shi. Ga mata masu ciki da masu jego abin ya fi gaggawa, domin fiye da kashi 10 cikin ɗari suna kamuwa, ana kuma yawan ɗaukar abin gajiyar raino.

Matsalar da ta rage ita ce inda za a je. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'umma sama da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Sanya hannu a kan doka ba ya kai ma'aikaci asibitin ƙauye. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna alamun ciwon sun ragu ƙwarai. Babu abin da zai hana jihohin Arewa koyar da ma'aikatan lafiya na matakin farko irin wannan aiki, in da an ba shi muhimmanci.

Kafin nan, manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da ke ganin marasa lafiya su koma gida a ranar, kuma likitan asibitin gari zai iya dubawa ya tura mutum can. Wanda ya shafe mako biyu cikin wannan hali ya cancanci a duba shi ko da bai fasa aiki ba. Wanda kuwa ya fara tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.